TEBURIN MURZA KWAƁIN BURODI: YADDA ZA A ZAƁE SHI DA YADDA ZA A TSABTACE SHI

A kwanakin baya wata malamar koyar da girki da tattalin gida ta gabatar da jawabi ga matan karkara masu sana'ar fulawa, wato masu yin burodi da cincin da dubulan da taliyar murji, na ci a gida da na sayarwa. Jawabin ya tsaya ne a kan abu guda wanda ba a cika kula da shi ba, shi ne wurin da ake ɗora kwaɓi a murza. Ga abin da jawabin ya ƙunsa, domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

Bayan ta yi sallama ta gai da iyaye da 'yan'uwa, malamar ta ce idan aka tambayi mace kayan haɗin burodi, nan take za ta lissafa fulawa da yis da sukari da gishiri da mai da ruwa. To, amma akwai na bakwai wanda ba a auna shi da mudu ko cokali, shi ne duk abin da ke kan tebur a lokacin da aka ɗora kwaɓi. Kwaɓi abu ne mai danƙo. Mai murzawa takan yi minti 10 zuwa 15 tana danna shi, tana ninkawa, tana juyawa. Kafin ta gama, kwaɓin ya goge teburin tas, ya kwashe ƙura da maiƙo da yashi da duk abin da ya kwana a kai. Ta ce wadda ke shakka ta gutsuri ɗan curin kwaɓi fari, ta murza shi a kan teburin da take ganin ta wanke, sa'an nan ta ɗaga shi a haske ta dubi launinsa.

AI WUTA ZA TA CI

Malamar ta ce ta sha jin mata suna cewa ba komai, ai wuta za ta ci. Ta ce akwai gaskiya a cikin maganar, amma rabi ce. Idan burodi ya gasu sosai, zafin cikinsa yakan wuce digiri 90 a ma'aunin salshiyas, kuma wannan ya isa ya kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Sai dai akwai abubuwa biyu da ake mantawa.

Na farko, wuta ba ta cire guba. Dalmar da ke cikin tsohon fenti, da kananzir, da maganin ƙwari, da maganin ɓera, idan sun shiga kwaɓi suna nan a cikin burodi. Haka nan tsakuwa da sartsen katako da guntun ƙusa, wuta ba ta narkar da su. Ta tuna wa mahalarta abin da ya faru a Jihar Zamfara a shekarar 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. An riƙa kawo duwatsun zinari cikin gidaje ana dakawa da niƙawa, a tsakar gidan da ake girki, wani lokaci da turmin da ake daka hatsi. Abincin ana dafa shi a wuta kullum, amma dafuwa ba ta hana gubar aiki ba.

Na biyu, burodi yakan ziyarci tebur sau biyu. Yakan hau shi yana ɗanye, sa'an nan idan ya fito daga tanda a sake juye shi a kan teburin domin ya huce, a shafa masa mai, a sa a leda. Daga nan kuwa ba ya sake ganin wuta sai bakin mai ci. Idan da safe an yanka kaza a kan teburin nan, ko an fasa ƙwai ya zuba, aka goge da tsumma kawai, to ƙwayoyin cutar da wuta ta kashe a cikin burodin sai a mayar masa da waɗansu a bayansa.

Ta ce kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. A ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2015, mutum miliyan 600 ne ke kwanciya rashin lafiya a kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma suke mutuwa, daga cikinsu 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Nahiyar Afirka ce ta fi jin jiki idan aka dubi yawan jama'a. Mai sayar da burodi ko cincin a ƙofar makarantar firamare, in ji ta, 'ya'yan mutane take ciyarwa, kuma teburinta guda na iya kwantar da aji guda.

Ita kanta ɗanyar fulawa ba a dafa ta ba. Alkama ce daga gona aka niƙa, kuma tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa gudawa. A shekarar 2016 a ƙasar Amurka mutum 63 a jihohi 24 suka kamu da ciwo wanda aka gano daga fulawa ne. Saboda haka kada a bar yara suna gutsurar ɗanyen kwaɓi suna ci, kuma teburin da aka barbaɗa wa fulawa sai an wanke shi kafin a ɗora masa abin da ya riga ya gasu.

SIFFOFIN WURIN MURJI NA GARI

Daga nan sai malamar ta shiga maganar zaɓe. Ta ce kowane irin abu za a yi amfani da shi, mai tsada ko mai araha, a auna shi da waɗannan sharuɗɗa. Ya kasance sumul, yadda idan aka shafa tafin hannu ba za a ji kaushi ba. Kada ya kasance da tsaga ko rami, domin Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da farce zai iya shiga ta isa ta ɓoye kwaɓin mako guda. Ya zama mai wankuwa da saurin bushewa. Kada ya taɓa zama da guba ko fenti. Sa'an nan ya tsaya daram, ba ya rawa idan an danna shi.

Ta ƙara da maganar tsayi, wadda ta ce ita ce ke sa mata da yawa ciwon baya da kafaɗa. Mai murji a tsaye ta miƙe hannuwanta ƙasa, ta shimfiɗa tafukanta. Inda tafukan suka tsaya, ko sama da nan kaɗan, nan ne tsayin teburinta. Ga yawancin mata wannan yakan kama tsakanin santimita 80 zuwa 90. Idan tebur ya yi tsawo, ƙarfin damtse kaɗai ke aiki, a gaji da wuri, a bar kwaɓi bai murzu ba. Idan ya yi daidai, nauyin jiki ne ke taimakawa. Wadda ta saba aiki a zaune a kan kujerar tsugunno, ta sa kafinta ya yi mata ɗan gajeren benci da za ta ɗora allonta a kai, domin ya ɗaga daga ƙasa inda kaji da awaki da ƙafafun yara ke tayar da ƙura.

KATAKO

Malamar ta ce katako shi ne abin da ya fi sauƙin samu a karkara, kuma masu burodi sun daɗe suna son sa a ƙasashe da dama, domin yana riƙe ɗan garin da aka barbaɗa, ba ya sanyaya kwaɓi, ba ya zamewa. Akwai lokacin da ake cewa roba ta fi katako tsabta ko ta halin ƙaƙa. Amma wani bincike da aka yi a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, aka buga a shekarar 1994, ya nuna cewa katako mai tsabta yakan shanye ƙwayoyin cutar da suka hau kansa, yawansu a saman allon ya ragu ƙwarai cikin ɗan lokaci. Masu binciken sun kuma lura cewa robar da wuƙa ta yi wa zane-zane tana da wuyar wankewa da hannu. Wannan ba ya nufin a daina wanke katako. Yana nufin wadda katako take da shi ba ta da abin jin kunya, muddin ta kula da shi.

Ta ce a nemi katako mai tauri wanda ya bushe sosai, mai kauri kamar inci ɗaya ko fiye. Ɗanyen katako yakan kantare ya tsage da zarar hunturu ya shigo. Idan za a haɗa falanki biyu ko uku, a sa kafinta ya matse su yadda ba za a ga haske a tsakaninsu ba, ya kankare saman, ya bi da samfefa, kuma ya buga ƙusa ta ƙasa ko ta gefe. Filawud da katakon da aka matse daga ɓarɓashi ba su jure ruwa, sukan kumbura su riƙa ɓarewa.

A nan ta ja kunne ƙwarai. Ta ce kafintoci sukan shafa wa katakon rufi baƙin man inji ko maganin gara domin ya daɗe. Ragowar irin wannan katako kada a yarda a yi teburin abinci da shi komai araharsa. Haka nan tsohuwar ƙofa ko taga mai fenti, da allon talla, da akwatin da aka ɗauko maganin feshi a ciki. A gaya wa kafinta tun farko cewa na abinci ne, kada ya shafa wa samansa fenti ko banis.

Wadda ba ta da halin tebur, allo guda ya ishe ta. Mai tsawon ƙafa 2 da faɗin ƙafa ɗaya da rabi zai ɗauki kwaɓin mudu ɗaya. A shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta a ƙarƙashinsa domin kada ya riƙa gudu. Amfanin allo shi ne ana iya ɗaukarsa a wanke, a shanya a rana, a rataye shi inda ɓera ba ya kaiwa. A yi masa alama, kowa a gidan ya san ba na yankan nama ba ne, ba na albasa ba ne, ba kuma na zama ba ne.

ƘARFE DA DUTSE DA ROBA

Game da ƙarfe, malamar ta ce farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa shi ne manyan gidajen burodi ke amfani da shi, domin ba ya shan ruwa, ba ya riƙe wari, kuma wankinsa ba wuya. Wadda sana'arta ta kafu, ta sa maƙeri ya lulluɓe saman teburinta da falle guda na irin wannan ƙarfe, ya lanƙwasa bakin zuwa ƙasa domin kada ya yanki hannu ko ya ɓoye datti. Amma kwanon rufi da gwangwanin da aka buɗe aka miƙar ba su dace ba. Suna tsatsa, kuma abin da aka shafe su da shi yana kankaruwa ya bi kwaɓi.

Tiren alminiyam, wanda mata ke kira silba, yana yin aiki idan babba ne mai kauri, sai dai idan aka murza da ƙarfi ko aka kankare shi yakan bar toka-tokan zane a jikin kwaɓi. Ba ya kuma son kanwa ko abu mai tsami kamar ruwan tsamiya, sukan ci shi. Daro mai fenti irin na kayan ɗaki yana da kyau wajen haɗa kwaɓi da barinsa ya tashi, muddin fentin bai ɓare ba. Da zarar ya ɓare, baƙi da tsatsa sun bayyana, a sauya masa aiki.

Dutse mai sulɓi, kamar marmara, yana da sanyi, saboda haka yana taimakawa a bazara lokacin da kwaɓi ke saurin tashi tun ba a gama murza shi ba, musamman kwaɓin da aka sa wa bota da yawa. A hunturu kuwa sanyinsa yakan jinkirta tashi, domin yis ya fi son ɗumi tsakanin digiri 25 zuwa 30. Sai a gama murji a kan dutsen, a mayar da kwaɓin cikin daro a rufe. Marmara ba ta son lemon tsami, yakan cinye sulɓinta.

Daɓen siminti tsirara ba wurin murji ba ne, in ji ta, ko a ƙasa yake ko a kan kanta, domin yana sakin yashi yana kuma shan maiƙo. Tayil kuwa samansa ya yi, amma layukan da ke tsakaninsa su ne matsala, nan kwaɓi ke maƙalewa ya yi baƙi. Mai kantar tayil ta ɗora allo a kai. Fomaika tana da kyau tana sabuwa. Kada a yanka abu a kanta da wuƙa, kada a ɗora mata gwangwanin burodi mai zafi, kuma idan ta fara ɗagowa daga gefe a sauya ta, domin ƙarƙashinta gidan kyankyaso ne.

Roba kuwa ta ce a sayi sabuwa a keɓe ta domin kwaɓi kaɗai. Bahon wanki da na wankan yara su tsaya inda suke. Jarkar maganin feshi da aka yanke, da buhun takin zamani, da buhun siminti, kada ko kusa su zo wurin abinci, wankewa ba ta fitar da abin da suka sha. Tsohuwar jarida ma ba abin shimfiɗa wa kwaɓi ko naɗe burodi mai zafi ba ce, domin tawada tana bin maiƙo.

YADDA AKE WANKEWA

Malamar ta ce yawancin mata ba ƙazanta ke damunsu ba, tsarin wankin ne ba a bi daidai. Mace ta gama aiki ta gaji, sai ta kwara ruwan zafi a kan tebur ta hau dirza da soso. Nan take ragowar kwaɓin sai ya zama talge, ya liƙe wa teburin, ya cika soson. Dalili kuwa kowace mace ta san shi daga damun koko: gari idan ya ji tafasasshen ruwa sai ya yi kauri da danƙo. Saboda haka ta zayyana matakai kamar haka.

Mataki na 1. A kankare a bushe. Tun kafin ruwa ya taɓa teburin, a sami ɗan fallen roba mai tauri ko ƙarfe marar kaifi a kankare duk kwaɓin da ya manne, ana bin tsawon katako. A share garin da ɗan burushi na musamman. Tsintsiyar shara ba ta hawa tebur. Abin da aka kankaro a zubar ko a ba dabbobi, kada a mayar da shi cikin buhun fulawa.

Mataki na 2. A goge da ruwan sanyi har sai farin garin ya fita.

Mataki na 3. Yanzu ne za a kawo sabulu da ruwan ɗumi, domin su ne ke fitar da maiƙo. A wanke sama da gefuna da ƙasan baki inda hannu ke kamawa. Inda babu sabulu, tokar itace da aka tankaɗe tana yanke maiƙo a kan katako da roba. Gishiri da ɓarin lemon tsami kuwa suna fitar da wari daga katako.

Mataki na 4. A ɗauraye da ruwa mai tsabta, irin wanda za a iya sha. Ruwan kududdufi ko ruwan da aka ɗauraye kwanuka da shi sai dai ya ƙara wa tebur abin da ba shi da shi.

Mataki na 5. A kashe ƙwayoyin cuta idan ɗanyen nama ko ƙwai ya taɓa wurin, ko an ga kashin ɓera, ko ana fama da annobar amai da gudawa a gari. A zuba babban cokali 1 na ruwan bilic, wanda ba a sa wa ƙamshi ba, a cikin lita 4 ta ruwa. A jiƙa teburin da shi, a bar shi 'yan mintoci, a ɗauraye. A haɗa sabo duk ranar da za a yi amfani da shi. Kada a gauraya bilic da wani sinadarin wanki ko abu mai tsami, domin yana fitar da iska mai cutar da ƙirji. Kada kuma a bar shi ya kwana a kan ƙarfe.

Mataki na 6. A busar. Ta ce wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali damshi shi ne abincin fumfuna da ƙwayoyin cuta. Allo a jingine shi a tsaye yadda iska za ta bugi fuska biyu. A ɗan shanya shi a rana, amma kada a manta da shi wuni guda a zafin bazara har ya tsage. Kada a jiƙa katako a cikin ruwa a bar shi.

Mataki na 7. A rufe da ƙyalle mai tsabta ko a rataye. Washegari kafin a fara aiki a sake gogewa da ruwa mai tsabta, a bari ya sha iska.

Ta ce tsumman goge tebur shi ne sau da yawa abin da ya fi komai datti a ɗakin girki. Tsumma guda ya goge hannu, ya sauke tukunya, ya goge hancin yaro, ya koma tebur. A tanadi fararen ƙyallaye biyu ko uku na tebur kaɗai, a wanke su kullum da sabulu, a tafasa su lokaci-lokaci, a shanya a igiya. Soson tebur ma ya zama daban da na tukwane. Hannu kuwa shi ne tebur na biyu. A cire zobe da awarwaro, a yanke farce, a wanke hannu da sabulu kamar daƙiƙa 20 kafin a taɓa kwaɓi, da kuma bayan an karɓi kuɗi, ko an fito daga bayan gida, ko an gyara wa jariri jiki. Mai gudawa ko mai ƙurji a yatsa ta ba wata aikin har ta warke.

BAƘIN DARE

Malamar ta ce teburin da aka bari da ɓarɓashin gari gayyata ce ga ɓera da kyankyaso. Ta ambaci zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gano shi a shekarar 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Wani irin ɓera mai yawan nonuwa ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, yana yaɗa ta ta fitsari da kashinsa a kan abinci da kayan abinci, kuma ciwon ya fi tashi da rani. Fitsarin ɓera idan ya bushe ba a ganinsa. Wannan shi ne dalilin sake goge tebur da safe ko da an wanke shi da dare. Idan an ga kashin ɓera kada a share shi a bushe ƙurar ta tashi. A jiƙa shi da ruwan bilic tukuna, a kwashe da takarda ko leda, a wanke hannu.

Amma kuma, in ji ta, kada garin korar ɓera a sa wa iyali guba. Maganin ɓera ba ya hawa tebur ko kantar abinci. Idan za a yi feshin maganin sauro ko kyankyaso, a fitar da allo da fulawa waje, tebur kuma a wanke shi da sabulu bayan feshin. Fitila da risho da kwalbar kananzir su sami wurinsu dabam, domin kwaɓi mai maiƙo yana ɗaukar warin kananzir nan da nan, kuma mai saye da ya ji shi sau ɗaya ba ya dawowa.

Ta kuma ce kowane lokaci na shekara da irin kulawarsa. A hunturu ƙura ce abokiyar gaba, sai a rufe taga ta ɓangaren iska a lulluɓe kwaɓi da jiƙaƙƙen ƙyalle domin kada samansa ya bushe. A damina fumfuna ce, sai a riƙa duba ƙasan allo da ƙafafun tebur. Idan baƙin fumfuna ya shiga cikin katako har wanki bai fitar da shi ba, a kai wa kafinta ya kankare, idan ya yi zurfi a bar shi.

TAMBAYOYI

Bayan ta kammala, wata dattijuwa ta ce, Malama, iyayensu a ƙwarya da akushi suka yi alkaki da funkaso, ba su san tebur ba, kuma sun rayu. Malamar ta amsa da cewa, Inna ta faɗi gaskiya, kuma su iyayen sun bi ƙa'idar da ake magana a kai. Ƙwaryar kwaɓi daban take, ana wanke ta a kife a rana, a rataye a ragaya. Wadda ta riƙe wannan tarbiyya ta ci gaba da ƙwaryarta. Abin lura kawai shi ne ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke, domin ɗinkin yana ɓoye tsohon kwaɓi. Irin wannan a mayar da ita ta awon busasshen hatsi.

Wata matashiya ta ce kwaɓinta yana manne wa tebur, sai ta yi ta ƙara gari, burodin kuma ya fito da tauri. Malamar ta ce wa 'yar'uwar, yawan barbaɗa gari yana sauya awo, yana kuma cinye riba, domin abin da ake barbaɗawa kullum idan aka tara shi a wata ba kaɗan ba ne. Ta shafa man gyaɗa kaɗan a teburin da tafin hannunta a maimakon gari, ta riƙa ɗago kwaɓin da abin kankara. Kwaɓi yakan rage mannewa da kansa idan ya murzu, ko idan aka rufe shi ya huta minti 10. Amma man da aka shafa a wanke shi a ranar, domin idan ya kwana biyu a cikin katako warinsa yakan canza.

Wata kuma ta ce tebur guda ne a gidansu, a kansa ake komai. Malamar ta ce to sai ta nemi allo na kwaɓi kaɗai ta riƙa ɗorawa a kai, ta kuma tsara aikinta: a fara da kwaɓi, nama ya zo daga baya. Burodin da ya fito daga wuta kuwa a juye shi a kan raga ta waya ko faifai mai tsabta da aka keɓe masa, inda iska za ta shiga ta ƙasa, kada a sa shi a leda sai ya huce.

A ƙarshe malamar ta yi kira ga mahalarta da kowace ta koma gida ta dubi wurin murjinta da rana tsaka, ta bi shi da farce, ta sunsuna shi, ta leƙa ƙarƙashinsa. Wadda ta ga tsaga ta kira kafinta a wannan makon. Ta kuma roƙi magidanta da su taimaka wa matansu da kuɗin allo da sabulu, domin kuɗin allo bai kai na kwana guda a asibiti ba, rigakafi kuwa ya fi magani. Ta roƙi matan da su isar da abin da suka ji ga maƙwabtansu.